Aljani Ilektiron a Gaban Kwamiti

Lurwanu marubucin labaran yaƙi ne a Gusau, irin labaran nan da jarumi ɗaya kan kashe dakaru dubu kafin ya karya kumallo. Duk yammacin Laraba da Asabar yakan karanta labarinsa a wani gidan rediyo, wani Alhaji mai sayar da katifa ne ke ɗaukar nauyin shirin. Tauraron labarin kuwa ba jarumin ba ne, bokan ne, wani mugu mai suna Boka Zangarniya, wanda duk sa'ad da aka ƙure shi sai ya ɗaga sanda ya ce, "Shamburuƙu!" ya ɓace.

Ranar da aka fara buɗe wa masu sauraro layin waya, wata mata ta bugo daga Sabon Gari. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam Lurwanu, ni dai tambaya gare ni. Da shamburuƙu bokan nan ya ɓace, da shamburuƙu ya tayar da guguwa, da shamburuƙu ya mayar da waziri jimina. Wai kalma ɗaya ya haddace aka koro shi daga makarantar bokaye?"

Lurwanu ya yi dariyar yaƙe, ya gode mata. Yana fitowa daga ɗakin watsa shiri Alhaji mai katifa ya kira shi, ya ce matar nan ta fi shi gaskiya, ko dai boka ya ƙaro karatu ko kuma shi ya kwashi tallarsa ya kai wa masu shirin ƙwallo.

Abin ya tsaya wa Lurwanu a rai, don da shirin nan yake cefane. Sai ya nufi gidan yayarsa Rakiya, wadda ke koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata. Ya same ta tana yankan kuɓewa, ya zayyana mata komai. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Tsafinka ne ba shi da ƙa'ida. Ko wuta da take wuta, in ba iska ba ta ci. Jawo kujera."

Kafin miya ta nuna, Lurwanu ya cika kunnensa da sunaye, kuma a makon da ya biyo baya duniyar labarin ta sake fasali. Aka sami bokayen Gidan Oksijin masu sarrafa wuta, waɗanda in aka jefa su a tulu aka toshe bakinsa, tsafinsu ya mutu. Aka sami mayun Maganaɗisu masu fizge takobi daga hannun jarumi, amma ba su da iko a kan takobin tagulla. Can ƙarƙashin ƙasa kuma ga Sarki Furoton a fadarsa ta Nukiliya, da wazirinsa Niyutiron wanda ba ya goyon bayan kowa, da bawansa Ilektiron da ke kewaya fada ba dare ba rana. Boka Zangarniya ya daina shamburuƙu. Yanzu sai ya ware hannuwa ya ce, "Ya Haidirojin biyu! Ya Oksijin guda! Ku haɗu ku ci Birnin Tama!" Sai ambaliya.

Gari ya ɗauka. Masu shayi suka riƙa ƙure rediyo, 'yan acaɓa na musu a tasha kan ko Niyutiron munafuki ne ko dattijo. Alhaji ya aiko wa Lurwanu katifa mai inci goma, kyauta.

Ana cikin haka wata budurwa a Tudun Wada, wadda shirin bai taɓa wuce ta ba, ta yanke jiki ta faɗi. Aka ɗauko mai ruƙiyya. Ya yi karatu, ya yi karatu, sannan ya daka tsawa, "Kai wane ne? Faɗi sunanka!"

Wata murya ta fito daga bakinta a shaƙe, ta ce, "Ilektiron."

Washegari iyayen unguwa suka yi wa gidan rediyon tsinke. Aka dakatar da shirin, aka ce Lurwanu ya bayyana gaban kwamitin tace shirye-shirye. Shugaban kwamitin shi ne Baba Sidi, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya aka dawo da shi, mutumin da abokan aikinsa suka ce ba su taɓa ganin haƙoransa ba sai in zai ci goro. Lurwanu bai damu sosai ba. Ya san gaskiya na gefensa, kuma ya zo da Yaya Rakiya, ga mayafi ga tabarau, ta yi masa shaida.

Baba Sidi ya ce, "Lurwanu, shekara da shekaru kana kiran aljanun ƙarya ba wanda ya ce maka uffan. Yanzu ka koma kiran na gaske a bainar jama'a, ga shi har sun fara amsawa."

Lurwanu ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba, ai ba aljanu ba ne. Kimiyya ce tsantsa. Ga malamarta nan, a tambaye ta."

Baba Sidi ya juya a hankali ya dubi Rakiya. "Malama, shi Ilektiron ɗin nan, akwai shi ko babu?"

"Akwai shi, Baba. Wannan ba a musu."

"Kin taɓa ganinsa?"

"Ba a ganinsa da ido."

"Amma yana nan."

"Yana nan. Yanzu haka ɗakin nan cike yake da su."

Wani ɗan kwamiti ya janye ƙafafunsa daga ƙasa ya ɗora a kan sandar kujera, yana motsa baki. Lurwanu ya ɗan taɓa Rakiya da gwiwar hannu, amma ita ta riga ta shiga aji.

Baba Sidi ya ce, "A ina ya fi son bi?"

"Ƙarfe, Baba. Da wuri mai danshi. Shi ya sa muke gargaɗin yara a kan banɗaki."

"Banɗaki," in ji Baba Sidi, ya dubi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. "To in ya shiga jikin mutum fa?"

"Ya danganta da yawansu. Wani ya girgiza shi kawai, wani ya buga shi da ƙasa, wani ma ya tafi da shi."

"Ana iya sa shi aiki?"

"Ƙwarai. Shi ke juya fankar nan. Shi ke kai muryarku Kaura Namoda kafin ku rufe baki."

"Kowa ke iya sa shi?"

"A'a, sai wanda ya yi karatunsa. Wanda bai sani ba in ya taɓa, ya ji a jikinsa."

Lurwanu ya ga shiri ya tafi, katifa ta tafi, cefane ya bi su. Ya raɗa mata, "Yaya, don Allah faɗa musu da Hausa."

Sai a lokacin Rakiya ta lura da fuskokin mutane. Ta cire tabarau, ta tafa hannu, ta ce, "Haba Baba! Haba jama'a! Duk wannan abin da nake faɗa fa lantarki ne. Wuta ce kawai, wallahi wuta ce!"

Baba Sidi ya ɓantari goro, ya tauna, sannan ya ce, "Yo Malama, su aljanun da laka aka ce miki an yi su?"