Teburin Bahago

Sunan Poindi a bakin kakana Firmin na fara jin sa, yana korar kare daga madafa. "Poindi, fita! Ɓarawon banza." Sai da na shekara bakwai na san akwai mutum mai wannan suna, ran da wani dogon tsoho ya sauko daga mota a ƙofar gidanmu, kare ya hau yi masa haushi, Kaka ya ce, "Ku gaisa, takwaranka ne." Taubashin Kaka ne, kuma yayan kakata Marceline. Shi ma can gidansa a bayan dutse yana da alade mai suna Firmin.

Ranar da zan ba da labarinta, saura mako uku a cire makokin Marceline. Kawunnanta za su taso daga gabas a jera musu doya da yadi da nama, Kaka kuwa ya riga ya faɗa a gaban dangi cewa barewar da za a ajiye musu, hannunsa ne zai kayar da ita. Sau uku yana hawa dutse, sau uku yana dawowa daga shi sai bindiga. Ya ce madubin bindigar ne ya goce. Kwana biyu ya yi a gindin mangwaro yana haɗa teburin da zai ɗora ta a kai ya gyara saiti. Ina kawo masa kofi ke nan Poindi ya iso, da ƙunshin yadi a hammata.

"Lafiya lau, lafiya lau," in ji Poindi. "Aladen ma yana gaishe ka. Me kake ƙerawa haka, akwatin gawarka?"

"Naka ne. Katakon bai kai tsawonka ba, ina jira ka ƙara rankwafawa." Kaka bai ko ɗago ba. "Ka shigo mini gida ba ka ajiye komai na gaisuwa ba. Haka aka koya muku a bayan dutse?"

"Yadi da taba a gidan mutane ake ajiye su. Ni kuwa kai na tarar."

"To zauna a ƙasa. Kujerun na mutane ne."

Poindi ya karɓe kofin daga hannuna ya kurɓa, ya zauna a kan kututture yana cije leɓe saboda gwiwa.

"Labari ya iso mana, Firmin. An ce bareyin dutsen nan sun yi taro, sun yanke cewa in ka fito kowa ya tsaya cak a gabanka. Wai nan ne harsashi ba ya bi."

"Madubin ne."

"Madubin! Shekara talatin yana faɗa maka gaskiya, bana ya koyi ƙarya. Ka bar wa samari su hau mana. Kawunnan nan nama za su ci, ba za su tambayi yatsan wa ya ja kunama ba."

"Ni zan sani."

"Kai dai ka ce kana son su ci doya gaya, su koma gida suna cewa ƙanwata ta auri mai harbin gajimare."

"Shekara arba'in da ɗaya tana cin naman hannuna. A gidanku me kuka ba ta? Rogo da surutu."

Poindi ya miƙe ya zagaya teburin. Ya jijjiga shi, ko motsi. Ƙafafun na icen gayak ne mai tauri, an binne su kamu biyu a ƙasa, ga buhunan yashi biyu da za a kwantar da bindiga a kai. Har ya fara gyaɗa kai, sai ya tsaya, ya fashe da dariya.

"Odile, zo ki ga aikin kakanki! Kwana biyu yana feƙe katako, ya yanke gurbin zama a dama. Wanda ke harbi da kafaɗar dama a hagun tebur yake zama, ko ɗan jiya ya san wannan. Teburin bahago ka ƙera, Firmin! Tsufa ya kai ka ba ka san hannun da kake cin abinci da shi ba?"

"Na sani."

"To wa ka yi wa? Duk zuriyarku ba bahago, sai dai karen."

Kaka ya ajiye guduma. Ya zauna a gurbin, ya ɗauki bindigar, ya kai ta kafaɗar hagu kamar mai ɗaukar jaririn wani.

"Idon dama ya gaji da ganin fuskarka," ya ce. "Ya rufe ƙofa tun damina. Likita ya ce yanar ido ce, za a cire a birnin Numeya, amma sai bayan wata huɗu. Marceline ba za ta jira wata huɗu ba."

Ni kaina ranar na fara ji. Poindi ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"To," ya ce. "Dama ma idon bai taɓa tsinana komai ba. Da shi fa ka zaɓi wannan hular."

"Da shi na zaɓi ƙanwarka."

"Ita ta zaɓe ka, don tausayi. Ina kwalin da za ka harba?"

Kwalin yana taku ɗari, manne a jikin turke a gindin tudu. Kaka ya harba uku. Poindi ya tafi dubowa yana jan ƙafa, ya dawo yana haki.

"Ɗaya a gefe. Biyun na aika a nemo su a teku."

"Inuwarka ce ta kare mini haske."

"Kumatunka ne ba su san wannan gefen ba. Sa wannan." Ya tuɓe rigarsa ta sama ya naɗe a gindin bindigar. "Kuma daina fizgar kunama kamar kana cire wa kare kaska. Yatsan baƙo ne, lallaɓa shi."

Haka suka wuni. Kaka ya harba uku, Poindi ya je ya dawo, ya murɗa madubin kaɗan, ya zage shi. Rana ta karkata, zagin ma ya fara gajarta. A zuwa na bakwai Poindi ya ciro kwalin gaba ɗaya ya kawo. Huda uku ne a tsakiya, tafin hannu ɗaya ya rufe su.

"Iska ce ta kai su," in ji shi.

"Faɗi dai."

"Ba zan faɗa ba." Ya ɗauko ƙunshin yadin nan ya ɗora a kan teburin, ya warware. Taba ce da kwalin harsasai. Ya yi 'yar dariya, ta gajiya. "Ga shi. Teburin na kawo wa, ba kai ba. Shi ne mai mutunci a gidan nan."

Na raka shi mota. Ya daɗe kafin ya iya ɗaga ƙafar ya shiga. Da ya zauna sai ya riƙo hannuna, kuma wannan ne kaɗai abin da ya taɓa roƙona a duk zamanmu.

"Ran da zai hau dutse, ki aiko mini. Ki ce masa ni na nace sai na bi shi don in yi masa dariya. In muka kama hanya kuma, ki ce kunnena na dama ya mutu, dole in riƙa tafiya a damansa in zan ji maganarsa. Hanyar nan duk ramin a wannan gefen yake."