Rawanin Alhaji Bahago Na-Bambai

Duk unguwar Kwarbai ba wanda aka taɓa kwance wa rawani a tsakiyar taro sai maƙwabcinmu, Alhaji Bahago Na-Bambai. Kuma babban mutum ne, wallahi. Bai taɓa wuce Kaduna ba, amma Indiya kaf, har birnin Bambai, a kansa take, don shekara goma bai yi fashin silima ba. Ka kai masa yadi, sai ya lumshe ido, ya murza, ya shinshina, ya ce, "Wannan ko hanyar Bambai bai sani ba. Ɗauke mini."

'Yan yadin kasuwa za su zaɓi shugaba, shi da Malam Jibril ke nema. Ana cikin haka sai wani Ba'indiye, Mista Naya, malamin makaranta a Gyallesu, ya aiko masa da goron sallarsu ta kunna fitilu: farin yadi sumul, bakinsa duk zaren zinare. To, manya ba sa tambaya. Alhaji ya auna tsawonsa da kamu, ya yanke hukunci cewa rawanin sarakunan can ne. Ranar zaɓe ya naɗa abinsa gingiringim, har da aikawa a kira mai kyautar ya zo ya ba da shaida.

Alhaji ya miƙe ya gyara murya. "Jama'a, wannan da kuke gani, a Indiya sai mai giwa bakwai ke ɗora shi a ka. Jibril ko taɓawa ya yi, sai zazzaɓi."

Mista Naya ya iso, ya ɗaga ido, ya dafe ƙirji. Malami ne, ba ya ganin kuskure ya ƙyale. Da 'yar Hausarsa ya ce, "Alhaji, wannan na ƙasa ne!" Kafin a ankara ya kama jelar rawanin ya warware, ya naɗa a nasa ƙugun, ya zura ragowar ta tsakanin ƙafafu, ya soke a baya. "Sunansa doti. Da shi muke zuwa ibada ranar biki."

Malam Jibril ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Alhaji, ashe banten mai giwa bakwai ne!"

Aka ce a ɗaga hannu. Alhaji ya sami biyu, duka nasa.

Ya karkaɗe babbar riga, sanƙo na ƙyalli, ya dubi Ba'indiyen sama da ƙasa. "Allah sarki! Tun kaka da kakanni kuna ɗaura rawani a gindi, ba mai gaya muku gaskiya. Yau na gyara muku, ko godiya babu!"