Yashin Yallaɓai Gunapala

Duk gaɓar kudu maso yammacin Sirilanka babu wanda ya san yashi kamar Yallaɓai Gunapala, Babban Daraktan Kula da Yashin Gaɓar Teku na gundumarmu. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba sau ɗaya ba. Ma'aikatansa na kiransa Sarkin Yashi a bayan idonsa. Da labari ya kai masa, sai ya ce a riƙa faɗa a gabansa.

Abu biyu Yallaɓai yake ƙauna a duniya. Na farko sunansa. Na biyu gidan da ya gina don zaman ritaya, a filin da matarsa Kusuma ta zo da shi daga gidansu, mai bishiyoyin kwakwa da baranda mai kallon teku, har da kujerar kishingiɗa da aka sassaƙa daidai tsawonsa. Aibin gidan ɗaya ne. Yana tsallaken iyakarmu ta arewa, a gundumar Darakta Tilakaratne, abokin karatunsa da ya taɓa fin sa maki a lissafi, kuma har yau bai ba da haƙuri ba.

Da gwamnati ta amince a cike gaɓarmu da teku ya cinye, Yallaɓai ya yi hayar jirgi mai tsotso yashi daga ƙasan teku yana fesowa bakin ruwa. Aiki irin wannan ba a fara shi da ka. Ya garzaya wurin mai duba taurarin gidansu, wanda ya tsayar masa da ranar aure. Mutumin ya duba taurarin Yallaɓai da kyau, ya ba shi sa'a gab da faɗuwar damina. Na teku ba wanda ya kai masa, don haka bai duba ba.

Ranar buɗe aiki aka kunna fitilar tagulla, aka ɗora madara a tukunyar ƙasa har ta tafasa ta zubo, alamar albarka. Yallaɓai ya gyara murya.

"Jama'a, teku ya daɗe yana abin da ya ga dama saboda bai taɓa gamuwa da tsari ba. Yau ya gamu da ni."

Ana gama feso yashi iskar damina ta iso daga kudu, yadda ta saba kowace shekara. Yashin ya tattara ya nufi arewa, ya tsallake iyaka ba tare da neman izini ba, ya baje a gaɓar Tilakaratne.

A taron daraktocin yanki ana ta maganar a ɗauki gaɓar duka abu guda, tunda yashi bai san gunduma ba. Yallaɓai ya miƙe, ya dangwara kwalba cike da yashi a kan tebur.

"A gaɓarsa na ɗebo wannan. Nawa ne. Na san launinsa."

"Yaya, ni ban gayyace shi ba," in ji Tilakaratne. "Da ƙafarsa ya zo."

"To da ƙafarka za ka dawo min da shi."

Bai jira ba. Ya sa aka jera duwatsu daga gaɓa har cikin teku, daidai kan iyaka, aka kafa allon tagulla mai ɗauke da sunansa. A yi masa adalci, katangar ta yi aiki. Yashi ya tsaya cik a gundumarmu, aka ɗauki hoto. Sai dai teku a arewacin katanga ya saba samun yashi daga kudu, da bai samu ba sai ya fara cin abin da ke kusa. Da bishiyoyin kwakwar Yallaɓai ya fara.

"Baban Nilmini, ruwa ya kai rijiya," in ji Kusuma, tana kiran mijinta da sunan 'yarsu. "Ka sa a buɗe katangar nan ko kaɗan."

"Da sunana a jiki? Ke ba ki san aikin gwamnati ba. Zaizayar nan matsalar Tilakaratne ce, a gundumarsa take."

"Matashin kanka ma a gundumarsa yake."

Gaskiya tsoro ya kama Yallaɓai, don yana son gidan nan har zuciyarsa. Kullum da safe sai ya fita ya leƙa inda ruwa ya tsaya, ya dawo shayinsa ya huce. Amma ya yi lissafi, ya ga gida nasa ne shi kaɗai, allo kuwa na tarihi ne.

Baranda ta tafi a makon da ya yi ritaya, tare da kujerar. Falo ya bi bayanta.

Tilakaratne mutumin kirki ne. Washegari ya iso da kansa, da mota cike da buhunan yashi na tare ruwa.

"Yaya, ga shi na dawo maka da shi da ƙafata. Duba launin."

Yallaɓai ya kwance bakin buhu ɗaya, ya ɗebi yashin a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Masani ne, ba ya ƙarya a kan aikinsa.

"Nawa ne," in ji shi.

Aka jera buhunan a ƙofar kicin, don yanzu ita ce ƙofar gida.