Jaz a Gonar Malam Gwadabe

Duk ƙasar Ƙaraye ba a taɓa yin mai ilimin kiɗa kamar Bahauddeen na Tudun Kaya ba. In kana shakka ka tambaye shi, zai tabbatar maka. Ya yi 'yan watanni a Legas yana ɗaukar wa makaɗan wani otal kaya, ya dawo da baƙar malafa da kwat da wani ƙahon tagulla mai lanƙwasa, wai shi saksafon. Samari suka sa masa Farfesa Algaita. Ya ɗauka digiri ne, ya karɓa hannu biyu.

Aikin Farfesa mai girma ne. Waƙoƙin nan na kwamfuta da ake sakawa a sifika wajen biki, masu bugun dum-dum da muryar da inji ya goge, su yake kamawa ya mayar jaz, wani salon kiɗan ƙasashen waje. Waƙa za ta shiga ƙahon da ƙafafunta, ta fito ko mai ita ba zai gane ta ba.

"Kiɗan kwamfuta na jarirai ne," in ji shi a teburin mai shayi. "Ni warware waƙa nake yi in sake ɗinka ta. Sai wayayyen kunne."

Ana nan sai ya ga Na'ima, 'yar Malam Gwadabe na Ruwan Bago ta ƙasar Rogo, ya ce lallai ita ce za ta zama matar Farfesa. Matsalar ɗaya ce, akwai Suhaibu, wani mai ɗan ƙaramin kanti da ba ya jin komai sai dum-dum, shi ma yana zuwa zance. Da noman gyaɗa ya zo, Malam Gwadabe ya kira gayya, kowane manemi ya zo da abokansa. Kowa ya san ranar ce uba ke auna mutum.

Suhaibu ya zo da fartanya da sifika ɗaure a bayan babur. Ya kunna, samari suka jeru, kowane dum sara ɗaya. Aiki yana tafiya kamar an ja zare.

Sai ga Farfesa cikin kwat, ba fartanya. Ya taka har gindin babur ya kashe sifikar.

"Baba, gonarka ta fi ƙarfin wannan hayaniya. Waƙar nan dai zan busa, amma irin ta manya."

Malam Gwadabe mutum ne mai kawaici. Ya ce, "To, bismilla."

Farfesa ya hau tudun tururuwa, ya lumshe ido. Da farko an ɗan ji ƙanshin waƙar, fartanyu suka bi. Can sai ya kama sauti ɗaya ya riƙe, ya ƙi saki. Samari suka tsaya da fartanyu a sama, suna jiran inda za su sara.

"Farfesa, sauke mu mana, kafaɗa ta ƙage!" wani ya yi ihu.

Ya sauke su kuwa. Ya zubo busa a guje kamar an sako awaki daga turke, su kuma 'yan banzan suka ce yau sai sun bi shi duk inda ya shiga. Sara ta ko'ina. Ciyawa ta tsira, gyaɗa ta kwanta. Wannan ya haye kunyar wancan, biyu suka yi karo, ɗaya ya ƙare a gonar maƙwabci. Farfesa bai gani ba, idonsa a rufe, yana can Legas.

Da ya gama ya cire malafa ya rusuna.

"Baba, yaya ka ji salon?"

"Ban ji ba, ɗana, amma na gan shi. Ga shi nan kwance."

Lokacin Na'ima ta iso da ƙwaryar fura. Farfesa ya gyara kwat, ya miƙa hannu. Ta wuce shi ta dire ta gaban Suhaibu, wanda ke durƙushe yana tayar da gyaɗar da za ta tasu.

Malam Gwadabe ya dafa kafaɗar Farfesa. "Kada ka damu. Ka dawo da ƙahon nan in dawa ta fara ido, ina da aikinka."

Wata guda Farfesa yana shelar cewa an gayyace shi wasa na musamman a ƙasar Rogo. Ya kuwa je, mako ɗaya bayan ɗaurin auren Na'ima. Ya tsaya tsakiyar dawa, ya busa, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya suka bar gonar.

Ya ce su ma ba su waye ba.