Akuyata Ta Taka Kwaltar Mai Girma

Jama'a, shekaranjiya aka kama akuyata. Laifinta, ta taka kwalta.

Ku na Yendi da Bawku ƙila ba ku ji ba. A nan Salaga manyanmu, Allah ya ƙara wa tumbinsu albarka, sun shimfiɗa mana kwalta daga zango zuwa kasuwar doya. Ba ta kai kasuwar ba ta gaji ta tsaya, amma mun gode. Sai aka yi shela cewa dabba ba za ta hau ba. Akuyata kuwa can take zuwa cin ɓawon doya, ga tsohon ciki, kuma ita kaɗai na mallaka.

Ni ba na ƙin doka. Duk damina ana cewa a ɗaure dabbobi kada su ci gonar mutane, ni ke fara ɗaurewa. Wannan dokar ta hau kan kowane Alhaji, ta hau kaina, kuma kowa ya san abin da take karewa. Amma ita ta kwalta, shanun Mai Girma Uban Kwalta kullum a kai suke wucewa, har su bar mata tsaraba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Na je ofis ɗin da aka tsare ta na tarar da Abdul-Rashid mai gadi, wanda ni na yanke masa cibiya.

"Mma, doka ce," in ji shi.

"Shanun fa?"

"Su ai ba hawa suke yi ba, duba aiki suke."

"To ita ma rakiya ta yi musu."

"Mma, don Allah kada ki sa a kore ni."

Maƙwabciyata Alimatu ta ce mu zagaya ta bayan katanga mu kwanto ta. Na ce a'a, ɓarawo ke ɓuya. Dokar da ta san fuska da rana tsaka ake taka ta, a tsaya a jira hukunci.

Sai na raɗa wa Zuweira mai koko abin da na shirya, na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin azahar duk zango ya ji.

Muka fito, kowace mace da akuyarta, muka bi tsakiyar kwalta a hankali har ofis. Muka yi sallama, muka ce ga masu laifi mun kawo da kanmu, muka saki igiya, muka zauna a inuwar mangwaro. Ba zagi, ba jifa. Awaki suka fara da furannin ƙofa, suka koma kan labule. Wani bunsuru ya hau motar Mai Girma yana kallon gari.

Shugaban ofis ya fito yana share gumi. "Iyayenmu, ku kwashe kayanku."

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mu masu biyayya ne. A hukunta mu." Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ana cikin haka Abdul-Rashid ya leƙo ya ce tawa ta haihu a ƙarƙashin tebur. Tagwaye.

Nan take aka ce an ɗage dokar, za a yi nazari. Na kwaso iyalina na yi godiya.

Su tagwayen dai tunda a ofis aka haife su, ina jin ma'aikata ne. Yau da safe na ga sun bi uwarsu kan kwalta, za su duba aiki.