Rasuwar Faifan Baba Nagode

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, iyalan marigayi Nagode na Tsibiri suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Talata Mafara, Bakura da Maradun rasuwar dattijon gidansu, baƙin faifan garmaho, wanda ya cika ranar Talata bayan la'asar yana da shekara hamsin da huɗu. Ya rasu a hannun Malam Ishaku, babban ɗan gidan, kuma hannun nan ne ya yi ajalinsa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, waƙar noma ce a cikinsa, ta wani makaɗi ɗan Bakura, Nagode kuma yana cikin 'yan amshi. Lokacin da aka tafi birni ɗaukar waƙar, Ishaku yana shekara uku, ƙanwarsa Taibatu tana cikin uwarta. A tsakiyar waƙar, inda ganga ta lafa, Nagode ya ɗaga murya shi kaɗai ya ce, "Ishaku ɗana, bar kuka, ga ni nan tahe!" Bai taho ba, motarsu ta kife a hanyar dawowa. Faifan ne ya iso gida bayan wata bakwai, kuma tun daga ranar babu inda muryar Nagode ta saura a duniya sai a cikinsa.

Marigayi faifan mai haƙuri ne. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa babu sabis ba. In an ɗora masa allura, sai ya fara da ƙas-ƙas-ƙas kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta, sannan ya buɗe baki. Shekara hamsin da huɗu yana maimaita alkawari ɗaya, bai gaji ba.

Za a shaidi Malam Ishaku da hidima. Kowace Juma'a yakan wanke hannu, ya riƙe marigayin ta gefe, ya bi layukansa da auduga a hankali kamar mai share idon jariri. Babu mai taɓawa sai shi. Taibatu, wadda ba ta taɓa ganin ubanta ba, takan sha jijjigar hanya daga Janbako, inda take zaune, sau biyu a shekara don ta ji shi na minti uku. Shekara goma tana roƙo a bar ta ta ɗauka a waya, Malam yana hanawa. A cewarsa faifai yana da ɗumi, ana jin numfashin mai waƙa, ita kuwa waya tuwon jiya ce da ba a ɗumama ba. Yakan ce mai waya yana da waƙa dubu a aljihu amma bai taɓa jin ɗaya har ƙarshe ba. Gaskiyarsa a nan, ba a musa ba. Illar dai ita ce Malam ba ya iya sa faifai bai yi wa waya huɗuba ba, har Taibatu ta fi sanin huɗubar yayanta fiye da muryar ubanta. Wannan abu ya daɗe yana ci mata rai.

Ciwon ajali ya fara da tari. Allura ta riƙa tsalle daidai wurin maganar Nagode, sai a ji, "ga ni nan ta, ga ni nan ta, ga ni nan ta." Hankalin Malam ya tashi. Ya ga auduga ta kasa, ya yanke cewa datti ne ya shige can ciki, sai wanka. Bai shawarci kowa ba, don a ganinsa duk Mafara babu wanda ya kai shi sanin faifai. Ya tafasa ruwa, ya zuba omo, ya cuɗa marigayin da soso. Sannan ya yi abin da ake yi wa duk wani jiƙaƙƙen abu a garin nan: ya shanya shi a kan kwanon ɗaki, kusa da tattasai, cikin ranar bazara. Ya ce bari ya leƙa kasuwa ya dawo. A kasuwar ya tarar da rumfar masu tura waƙa a waya, ya tsaya ya yi musu nasiha har la'asar.

Da ya dawo, marigayin ya kanannaɗe kamar kauɗar tumatir. Har a nan da sauran rai, da an nemi masani. Amma Malam ya hura gawayi a dutsen guga, ya shimfiɗa tsumma, ya danna da ƙarfinsa. Faifai ya miƙe sarai, sumul, ko layi ɗaya babu. Aka ɗora allura, ta zame daga baki zuwa cibiya ta ce "fuuu." Kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Ya rasu ya bar garmaho, wanda yanzu yake juyawa shi kaɗai, da allura biyu, da kwali mai hoton da ya koɗe, da 'yan uwansa faifai goma sha ɗaya da babu wanda ya taɓa tambayar lafiyarsu. Ya kuma bar magaji guda da aka samu a ɓoye. Bara da Sallah, Taibatu ta sa waya ƙarƙashin mayafi ta ɗauki waƙar tun daga fari har ƙarshe.

Malam ya ji labarin washegarin rasuwa. Mutumin da ya ce ba zai taɓa kara gwangwanin nan waya a kunnensa ba ya hau mashin har Janbako, ya tsuguna a gaban ƙanwarsa, ya roƙi ta kunna masa. Ba ta ja masa rai ba, ta kunna. Ƙas-ƙas ɗin ya fito, ganga ta fito, amshi ya fito. Ganga ta lafa, Malam ya runtse ido. Sai wata murya ta cika wayar, ta kusa, mai ƙarfi, muryar Malam kansa: "Kasa kunne ki jiya, Taibatu, wanga shi na sauti! Waya gwangwani ta!" Daga ƙarƙashinta, can nesa, abin da ya tsira na Nagode shi ne "he" guda ɗaya. Sau tara Malam ya sa aka maimaita. Ya yi kuka sosai, Taibatu kuma ta bar shi ya yi.

Ba za a yi wa marigayin wanka ba, mai makoki ya riga ya yi. Za a sa shi a kwalinsa a kai shi ƙasan akwati ranar Juma'a da hantsi, lokacin da aka saba share shi. Zaman gaisuwa a ƙofar gidan Malam Ishaku, Talata Mafara. Mai zuwa ya zo da wayarsa, za a tura wa kowa magajin, kuma za a kunna shi a lasifika. Ana roƙon jama'a su yi shiru na minti uku. Malam Ishaku ya yi alkawarin shi ma zai yi shiru, sai dai a cikin wayar yana nan yana magana.

Sanarwa daga Taibatu Nagode, Janbako, a madadin iyali.