Jif Mai Tarihi

Duk ma'aikatar nan babu mutum mai tsari kamar Mataimakin Mai Sito. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba a taɓa jin ya janye ba. Biro uku ne a aljihunsa, ɗaya ke rubutu. Abokan aiki suna kiransa Maitsari, yana amsawa da fara'a, don bai taɓa juyowa ya ga yadda suke haɗa ido ba.

Mutum ɗaya ne ya hana shi sakat: maigadi. Shekara goma sha biyu Maitsari yana shigowa da ƙafa ta ƙaramar ƙofa, maigadi ko ɗago kai ba ya yi. Amma babbar mota ta doso, sai ya zabura ya wangale get, ya ƙame da hannu a goshi. Wannan ƙamewar ce Maitsari yake so a yi masa, ko sau ɗaya kafin ritaya.

Sai ya yanke shawarar sayen jif, ya buɗe mata fayil. Ya sanar da matarsa cewa banki zai riƙa yankar rabin albashinsa har shekara huɗu. Da ta tambayi abin da za a ci a gidan, ya ce tattalin arziki ba fanninta ba ne. Ya sa aka rushe katangar gidansa aka faɗaɗa ƙofa, sannan ya haramta wa yara cewa babansu zai sayi mota ta hannu.

"Ta hannu ai ta talaka ce," in ji shi. "Ni mai tarihi zan saya, wadda babban mutum ya zauna a cikinta."

A wurin dillali ya zagaya wata baƙar jif sau uku, ya shuri taya, ya leƙa inji yana gyaɗa kai, alhali ko wurin zuba ruwa bai sani ba. Bai tafi da bakanike ba, wai bakanike zai rage masa girma. Tambayarsa ɗaya: daga gidan wa ta fito? Dillali ya rage murya ya ce wani babba ne ƙwarai, ba a faɗin suna. Nan take Maitsari ya biya kafin alƙalami wanda ba a mayarwa, ya sa hannu a takardun banki, ya roƙi a ba shi ita gwaji ranar Litinin.

Litinin da safe ya doshi get a hankali. Maigadi ya zabura, ya wangale, ya ƙame. Daɗi ya kama Maitsari har idonsa ya kawo ruwa, sai ya sauke gilashi don a san ko wane ne.

Hannun maigadi ya sauko. Ya san motar sarai: ta gidan Shugaban ma'aikatar ce, wadda ake kai yara makaranta da ɗauko tukunyar gas da ita. Bai dai ji labarin an sayar da ita ba, bayan matsalar giyarta ta ishi kowa.

"Allah sarki," ya ce cikin tausayi. "Daga sito aka mayar da kai direban gida? Yi haƙuri, abinci ne. Bi ta baya, can direbobi suke ajiyewa."

Kafin tsakar rana mutum tara sun shigo sito yi masa jaje. Yana cikin yi wa na goma bayani wayarsa ta yi ƙara. Daga banki ne, da albishir: an amince da rancensa.